Filin Kiwon Lafiya: Ɗibar Jinin Yaro Don Awo Aiki Ne Mai Ƙa'ida

A kowace safiya, a asibitocin yara na ƙasar nan, kamar Asibitin Hasiya Bayero da ke Kano, da na Titin Massey da ke Ikko, da Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau a Zariya, akan tarar da iyaye mata sun yi layi a ƙofar ɗakin awo, kowace da goyo a baya da 'yar takarda a hannu. Likita ne ya rubuta takardar, yana neman a ɗebi jinin yaro a auna, domin abin da awon ya nuna shi zai gaya masa irin maganin da zai bayar, ko a kwantar da yaron, ko a yi masa ƙarin jini, ko kuwa a sallame shi ya koma gida. Watau dai 'yar kwalbar nan da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, a kanta ake yanke shawarar da rai ya rataya a kai.

Galibin jama'a sun ɗauka cewa in an sami kuskure a sakamakon awo, to, na'ura ce ta yi ƙarya. Binciken masana ya nuna akasin haka. A shekarar 1997 waɗansu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Padua a ƙasar Italiya, Mario Plebani da Paolo Carraro, sun bi diddigin kurakuran da aka samu a awon gaggawa na asibitinsu, sai suka tarar cewa kimanin kashi 68 cikin 100 sun auku ne tun kafin a soma awon, watau wajen ɗiba, da rubuta suna, da kai jinin ɗakin awo. Da suka maimaita binciken a 2007 sai suka sami kusan kashi 62. Na'ura, komai tsadarta, abin da aka zuba mata shi take aunawa. In an kawo mata gurɓataccen jini za ta ba da gurɓatacciyar amsa, likita kuma ya yi aiki da ita. Saboda muhimmancin wannan al'amari ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi sukutum a 2010 a kan ƙa'idodin ɗibar jini, ta kuma keɓe babi na musamman a kan yara da jarirai.

JININ YARO KAƊAN NE

Abu na farko da ya raba yaro da babba shi ne yawan jinin da ke jikinsa. Baligi yana da wajen lita 5. Jariri sabon haihuwa kuwa yana da kimanin mililita 80 zuwa 85 a kowane kilo na nauyinsa. Ke nan jaririn da ya yi kilo 3, duk jinin jikinsa kimanin mililita 250 ne, watau rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a bakin titi. Bakwaini mai nauyin kilo ɗaya, nasa bai fi mililita 100 ba. Cokalin shayi guda, wanda ke cin mililita 5, in an ɗebe shi daga jikin babba kashi ɗaya ne cikin dubu, ba zai ko ji ba. In daga jikin bakwainin nan aka ɗebe shi, an raba shi da kashi 5 cikin 100 na jininsa a tashi ɗaya.

A 2011 wani likitan yara mai suna Stephen Howie, wanda ya yi aiki a ƙasar Gambiya, ya tattara ƙa'idodin da asibitoci daban-daban ke bi, aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya tarar cewa iyakar da suka yarda a ɗiba cikin awa 24 tana tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na jinin yaro, kana kada a wuce kashi 10 cikin mako takwas. Yaron da ciwo ya riga ya cinye masa jini, kamar mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko mai tamowa, ko mai amosanin jini, shi ya fi kowa bukatar a tsimpa masa. Don haka ya wajaba likita ya haɗa dukan awon da yake so a lokaci guda, a ɗebi gwargwadon bukata cikin ƙananan kwalabe irin na yara, sa'an nan a riƙa rubuta abin da aka ɗiba a katin yaron da ke kwance. Duk jinin da ya lalace aka ce a sake, yaron ne zai biya da wani jinin da wani kukan, uban kuma da wani kuɗin.

SUNA KAFIN ALLURA

Kuskuren da ya fi kowane haɗari shi ne a zuba jinin wani yaro cikin kwalba mai sunan wani. Awon zai fita daidai, babu abin da zai nuna an yi kuskure, amma amsar ta wani ce. In awon rukunin jini ne don ƙarin jini, to, wannan na iya zama sanadin ajali, domin tun 1901 Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma in aka haɗa waɗanda ba su jitu ba sai jiki ya farfasa jinin da aka ƙara masa.

A ƙasar Hausa wannan haɗari yana da ƙofofi da yawa. A ɗakin kwanciya ɗaya ana iya samun Muhammadu uku da A'ishatu huɗu. Jaririn da bai kai kwana bakwai ba ba shi da suna tukuna, sai dai a rubuta "jaririn wance". Tagwaye kuma ga su kwance gado ɗaya, Hasan da Husaini, uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Har wa yau ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma faɗin na yaron da ya ci sunan suruki, sai ta ce Abba, ko Baffa, ko Ummi, alhali abin da ke rubuce a kati dabam ne. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ce, "Wannan ne Musa?" ba, domin uwar da ta kwana ba barci tana iya ɗaga kai kawai. Zai nemi a faɗa masa sunan, in uwa ta ji nauyi 'yar rakiya ta faɗa, ya gwada da kati, da lambar asibiti, da ranar haihuwa. Kana ya rubuta suna da lamba da rana da lokaci a jikin kwalbar nan take, a gaban uwar, kafin ya matsa zuwa wani gado. Tara kwalabe a aljihu don a rubuta daga baya, nan ɓarna take farawa.

INDA AKE ƊIBA

In ɗigo kaɗan ake bukata, kamar awon zazzaɓin cizon sauro, ko na sukari, ko na yawan jini, sai a huda fata da ɗan tsinken ƙarfe da aka yi don haka. Ga jariri daga haihuwa zuwa wajen wata shida, a diddige ake hudawa, a gefensa na dama ko na hagu. Ba a taɓa tsakiyar diddige ko bayansa, domin ƙashi yana kusa da fata a wurin, in tsinke ya same shi yana iya jawo ruɓar ƙashi. Zurfin hudar kada ya wuce milimita 2.4, ga bakwaini kuwa bai kai milimita ɗaya ba. In yaro ya wuce wata shida kuma nauyinsa ya haura kilo 10, sai a koma gefen kan yatsa, na tsakiya ko mai bi masa.

Akan goge wurin da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bari ya bushe da kansa. In aka huda yana da danshi, yaro zai ji raɗaɗi, sifirit ɗin kuma ya farfasa ƙwayoyin jinin. Ɗigon farko akan share shi da auduga, domin a cakuɗe yake da ruwan nama. Babban abin da ake yawan yi cikin gaggawa shi ne matse yatsa ko diddige kamar ana tatsar nono. Matsa tana fito da ruwan nama ya tsinka jinin, ta kuma fasa jajayen ƙwayoyi. In ƙafar jariri ta yi sanyi, musamman da hunturu, sai a ɗumama ta da tsumma mai ɗumi na 'yan mintoci, jini zai zo da kansa.

In ana bukatar jini mai ɗan yawa sai a nemi jijiya, a gwiwar hannu ko a bayan tafin hannu, da siririyar allura mai fukafukai wadda ta dace da jijiyar yaro. Robar da ake ɗaure dantse da ita kada ta daɗe, minti ɗaya ya isa, domin in ta daɗe jini yakan yi kauri a wurin, awo ya canza. Ba a ɗiba daga hannun da ake yi wa ƙarin ruwa. Jinin wannan hannu a gauraye yake da ruwan, sai a ga sukari ya hau ƙwarai, yawan jini kuma ya faɗi, har a yi shirin ƙara wa yaro jinin da ba ya bukata. Jijiyar matsematsi da ta wuya kuwa aikin ƙwararren likita ne kaɗai. Ƙa'idar da asibitoci da yawa ke bi ita ce in ma'aikaci ya gwada sau biyu bai samu ba, ya kira wani. Babu abin kunya a nan, jijiyar yaron da gudawa ta tsotse masa ruwa tana ba ƙwararru ma wahala.

KOWACE KWALBA DA AIKINTA

Kwalaben awo ba ɗaya ba ne. Akwai mai ɗauke da sinadarin EDTA, wanda ke hana jini daskarewa, ita ce ta ƙidayar ƙwayoyin jini da awon amosanin jini. Akwai mai fuloraid ta awon sukari, da mai sitiret ta awon daskarewar jini, da mai hefarin ta awon gishirin jiki, da kuma wadda babu kome a cikinta. Kamfanoni sukan bambanta su da launin murfi, amma launin wani kamfani ba lalle ya zama na wani ba, saboda haka rubutun da ke jikin kwalba shi ne abin dogara.

Cika su ma da tsari. In daga jijiya ne, kwalbar neman ƙwayoyin cuta ce farko, sai ta sitiret, sai wadda ba kome, sai ta hefarin, sai ta EDTA, ta fuloraid ta zo ƙarshe. Dalili kuwa shi ne sinadarin EDTA da ake zubawa a kwalba yana ɗauke da fotasiyam, yana kuma kame kalsiyam. In ɗan kaɗan ya tsallaka zuwa kwalbar awon gishirin jiki, sai a ga fotasiyam ya hau matakin da ke tsayar da zuciya, kalsiyam kuma ya faɗi, alhali yaron lafiyarsa lau ta wannan fuska. Haka nan in jajayen ƙwayoyi suka farfashe, saboda an ja sirinji da ƙarfi, ko an tura jini ta cikin allura zuwa kwalba, ko an girgiza kwalbar kamar maganin tari, fotasiyam ɗin da ke cikinsu zai fito ya ɓata awon. A hankali ake juya kwalba sama da ƙasa sau da dama. In ba a juya ba jini zai yi gudaji, ƙidayar ta fito ƙasa da gaskiya. In kuma jinin ya yi kaɗan ainun a kwalbar EDTA, ƙwayoyin sukan tsuke, awon yawan jini da ma'aikata ke kira PCV ya ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da yake littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar yara a asibiti ya ce a yi ƙarin jini in PCV ya sauka zuwa kashi 12 ko ƙasa da haka. Ga yaron da ke kusa da wannan iyaka, kuskuren maki biyu yana iya juya shawarar likita.

Awon neman ƙwayoyin cuta a jini shi ya fi son tsabta. A fatar kowane mutum akwai ƙwayoyin da ke zaune lafiya. In ba a goge fata sosai ba, ko aka sake taɓa wurin da yatsa bayan gogewa, su ne za su tsiro a kwalba, a yi ta yi wa jariri allurai na kwanaki a kan ciwon da ba shi da shi. Kuma kafin a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ake ɗibarsa, in hali ya yi.

DAGA GADO ZUWA ƊAKIN AWO

Jini abu ne mai rai, bayan an ɗebe shi ma ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukarin da ke ciki. In ba a kwalbar fuloraid yake ba, sukarin yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa, a jinin jariri ma ya fi haka sauri, zafin ƙasar nan kuma yana daɗa hanzarta shi. Jinin jariri mai shawara, haske yana lalata sinadarin bilirubin da ake son aunawa. In aka ajiye kwalbar a bakin taga sai awo ya nuna shawarar ba ta yi tsanani ba, a sallami jaririn da ya kamata a sa cikin fitilar magani, alhali shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Maganin wannan shi ne a naɗe kwalbar da takarda mai kauri, a kai ta maza. Kwalbar neman ƙwayoyin cuta ba a sa ta a firji, jinin ƙidaya kuma ba a bari ya zama ƙanƙara. A wuraren da ake ba dangi kwalba su kai wani ɗakin awo a cikin gari, wajibi ne a yi musu bayanin yadda za su riƙe ta, kada a sa ta a aljihu a tsaya cefane.

DARASI DAGA ZAMFARA

A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Awon jini ne ke nuna yaron da ke bukatar maganin fitar da gubar, da kuma ko maganin yana aiki. To, amma yaron da ke wasa cikin ƙurar dalma, fatar hannunsa ma tana ɗauke da ita. In aka huda yatsa ba a wanke da sabulu da ruwa ba, ƙurar za ta shiga cikin ɗigon, sifirit kuwa ba ya kawar da dalma. Don haka jinin jijiya ake dogara da shi wajen tabbatarwa.

Amosanin jini ma yana da nasa tarkon. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara. Yaron da aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, jinin wani ne ke yawo tare da nasa, kuma jajayen ƙwayoyi sukan rayu kimanin kwana 120. In aka auna shi a lokacin, mai SS yana iya fitowa kamar AS, iyaye su saki jiki. Sai a ɗebi jinin awon kafin ƙarin jinin, ko a jira wata uku zuwa huɗu. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma jinin ciki ne ya rinjaya a jikinsa, awon da aka saba yi wa manya yana iya ruɗarwa, sai da na'ura ta musamman. Don irin wannan ne ake ɗiga jinin diddige a kan takarda mai tsotsa, dabarar da likitan Amurka Robert Guthrie ya fito da ita a farkon shekarun 1960. Da ita ake awon ƙanjamau ga jariran da iyayensu mata ke ɗauke da ciwon, tun suna da mako shida. Takardar nan a inuwa ake shanya ta ta bushe sarai, ba a rana ko kusa da wuta ba.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN IYAYE DA HUKUMA

Har yanzu akwai iyayen da ke zargin cewa jinin 'ya'yansu ake kwashewa don wata manufa, wasu har sukan gudu da yaro daga asibiti. Faɗa da tsawa ba su kawar da zargi. Abin da ke kawar da shi shi ne ma'aikaci ya tsaya minti ɗaya ya ce, "Malama, ga abin da za a auna, ga yawan da za a ɗiba, ga lokacin da za a sami amsa." Uwar da aka yi wa bayani ita ce za ta riƙe yaro da kyau, ta zaunar da shi a cinya ta rungume shi. An kuma tabbatar cewa ba jariri nono, ko ɗan ruwan sukari, a lokacin hudar yana rage masa zafi. Yaron da ya yi wayo kada a yi masa ƙaryar cewa ba zafi, kada kuma a riƙa tsorata yara da allura a gida, domin ran da aka zo asibiti tsoron nan ne zai sa ya yi ta fizge-fizge.

Iyaye suna da iko su ga an buɗe sabuwar allura a gabansu, su ga ma'aikaci ya wanke hannu ya sa safa, su ga an rubuta sunan ɗansu a kwalba. Allurar da aka yi aiki da ita sau biyu tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. A 2019, a garin Ratodero na ƙasar Pakistan, an sami ɗaruruwan yara da ƙanjamau, masu bincike suka danganta yawancin abin da maimaita sirinji da kayan ƙarin ruwa. Su kuma iyaye tilas ne su faɗi gaskiya: maganin da aka sayo a kemis, da jiƙon da aka ba yaro, da lokacin da ya ci abinci, da ko an taɓa yi masa ƙarin jini. In ɗakin awo ya ƙi karɓar jini ya ce a sake, kada a ɗauka wulaƙanci ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hukumomin asibiti kuwa, a kansu yake su tanadi ƙananan kwalabe da siraran allurai da tsinkunan huda na yara, da akwatin zubar da allura a kowane ɗaki, su kuma riƙa horar da masu ɗibar jini akai-akai, su ajiye lissafin jinin da aka ƙi karɓa da dalilin ƙin, don a san ɗakin da ke bukatar gyara. Majalisar kula da aikin ɗakunan awo ta Nijeriya, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke da alhakin duba waɗannan ɗakuna da ba su lasisi, ya kamata duban nata ya kai har bakin gadon da ake ɗibar jinin. Kuɗin da za a kashe a kan waɗannan abubuwa bai kai na na'ura guda ba, amfanin na'urar kuwa a kansu ya dogara.

A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, wannan fili zai duba shawarar jarirai da alamomin da ya kamata ungozoma ta sani. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya raya yara bisa lafiya, amin.